Ciyawar roba ta filin wasa a cikin gida: wacce za ka saya, wacce za ka bar wa mai ita

Sau biyu na shimfiɗa ciyawar roba a harabar gidana da ke Hotoro, fili mai mita 6 da mita 12 inda yara ke buga ƙwallo. Ta farko damina biyu kawai ta yi muka naɗe ta. Don haka abin da zan faɗa, aljihuna ne ya biya kuɗin karatunsa.

Iri uku za a nuna maka. Akwai ta ado, mai laushi, wadda ake shimfiɗawa a wuraren biki don ɗaukar hoto. Wannan ko kallonta kada ka yi, takalmin yara zai kwantar da ita cikin wata guda. Akwai doguwa mai milimita 40 zuwa 60, ta manyan filaye, da ake zuba wa yashi da garin tayar mota. Tana da daɗin taka, amma a Kano garin tayan nan baƙi ne, yana shan rana, yana wari, kuma kullum uwargida na share shi daga falo.

Tawa ita ce gajera, mai milimita 20 ko kusa da haka, wadda yashi kaɗai ake zuba mata. Ƙwallo na gudu a kanta sosai, ana iya kafa raga a yi wasan badminton, kuma da hunturu, lokacin da ƙura ke rufe komai, tsintsiyar kwakwa ta ishe ta. Doguwar kuwa haɗiye ƙurar take yi, ruwan farko na sauka ta zama taɓo a gindin zaren. Ka nemi mai zaren robar da ake kira polyethylene, ya fi na robar polypropylene taushi, ba ya ɗaye gwiwar yaro sosai idan ya faɗi. Ba zan ɓoye maka ba, ita ma tana zafi. A watan Afrilu, da zafin gari ke kaiwa digiri 40, duk wata ciyawar roba tana ƙona ƙafa da azahar. Mu sai bayan la'asar ake shiga, wani lokaci a yayyafa ruwa tukuna.

Sai dakalin da ake kewaye filin da shi, wanda ke riƙe bakin ciyawar da tsakuwar ƙarƙashinta, ya kuma tare ƙwallo. Katako abincin gara ne. Ƙarfe tsatsa da zafi. Bulo da filasta yana da araha, amma bugun ƙwallo da ruwa suna ɓantare shi. Ni kankaren da aka zuba a wurin na zaɓa, da rodi a ciki, tsayin kamar inci 8 a saman ciyawa, birkila ya kashe kaifin bakinsa saboda goshin yara. Kuma ka tsaya a kansa har sai ya bar ramukan fitar ruwa a ɓangaren da ya fi gangara. A aikina na farko ba a bar ko ɗaya ba. Ruwan Agusta na zuwa fili ya koma kududdufi, ciyawa ta taso tana lilo, sauro ya samu gida. Ƙasan ma haka: a kwashe ƙasar sama, a zuba tsakuwa kamar santimita 10, a bi da garin dutse, a daddanne da inji, a ba shi gangaren santimita 1 a kowace mita. Wanda ya ce zai shimfiɗa maka a kan jar ƙasa kai tsaye, ka sallame shi da kuɗin mota.

Amma inda aka fi cin mutane wajen sayen ciyawar ne kanta. Wanda ya sayar min da ta farko ya rantse ba ta jin rana. Kafin shekara ta zagayo ta koɗe, zaren yana marmashewa a hannu kamar tsohuwar leda. Zaren kirki ana haɗa shi da sinadarin kariya daga rana tun a masana'anta, kuma ido ba ya gane wannan a shago. Don haka ka karɓi ƙyalle, ka jefa shi kan rufin kwano sati biyu ko uku, ka ajiye wani a ɗaki, ka gwada su. Ba cikakken gwaji ba ne, amma mafi munin jabu yana tona kansa. Ka fizgi zaren da yatsu biyu; in ya fito cikin sauƙi, ka wuce. Ka juya bayanta ka ga ramukan ruwa, ka lanƙwasa ka ga ko baƙin gam ɗin yana tsagewa. Ka je da rula, domin mai milimita 15 ana kiranta 20 ba kunya.

Za kuma a nuna maka tambarin FIFA a jikin leda. FIFA filin da aka gama shimfiɗawa take gwadawa ta ba shi shaida, tambari a kan naɗi a shago bai tabbatar da komai ba. Akwai kuma ta gwanjo, wadda aka ɗaye daga filayen ƙasashen waje, a wanke a ce sabuwa ce. Za ka ga ragowar farin layi ko garin taya a gindinta.

Lissafi ma sai ka buɗe ido. Naɗin yakan zo da faɗin mita 2 ko 4, to ka tambaya a fili: farashin nan na murabba'in mita ne ko na mita a tsaye? Ko a Kofar Ruwa ka saya ko daga Legas aka turo maka, a warware a auna a gabanka, kuma duka ya fito daga rukuni ɗaya. Ranar shimfiɗawa ka tabbata zaren kowane ƙyalle ya kwanta fuska guda, in ba haka ba filinka zai fito kala biyu. Kada ka cika kuɗin aiki sai an kwarara wa filin ruwan tanki ka ga ta inda ya fita.