Rauta a cikin VM ko ƙaramin akwati: wanne zai raba wa gidanka Wi-Fi?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka. Ka ce kana da modem na 4G da kake loda wa data duk wata, mutanen gidanku sun haura goma har da 'yan haya biyu, data tana ƙarewa tun wata bai raba ba, kuma ba ka san wa ke shanye ta ba. Kana da tsohuwar laftop mai VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙirar VM, wato kwamfutar kwaikwayo a cikin kwamfuta, kana son sanin ko ka ɗora pfSense ko OpenWrt, manhajojin da ke mayar da kwamfuta rauta, a cikin VM, ka soka ɗan katin Wi-Fi na USB ya raba wa kowa, ko kuwa ka haƙura ka sayi ƙaramar rauta. Na gwada duka biyun, da wata hanya ta uku da ba ka ambata ba.

Abin da muke kira rauta, ma'aikata biyu ne a riga ɗaya. Akwai mai lissafi: shi ke raba wa wayoyi adireshi, ya tsare ƙofa, ya ƙayyade wa kowa gudu, ya ƙirga abin da kowa ya sha. Akwai kuma mai shela, wato rediyon da ke watsa Wi-Fi ɗin. VM gwana ce a aikin farko, a na biyu kuma ragguwa ce. Duk sauran bayanin daga nan ya taso.

Mu fara da rediyon, don a nan akasarin mutane ke yin tuntuɓe. VirtualBox ba ya nuna wa VM katin Wi-Fi na laftop ɗinka a matsayin Wi-Fi. Abin da VM take gani katin waya ne na kwaikwayo, galibi Intel PRO/1000, kamar an soka mata kebul. Ba za ta iya buɗe Wi-Fi da abin da ba ta san rediyo ba ne. Dole ka sayi katin USB ka miƙa mata shi ɗungurungum, laftop ta cire hannunta daga kansa. Wannan ya yi sauƙi tun fitowar VirtualBox 7.0 a 2022, da aka daina buƙatar Extension Pack don USB 2 da 3. To amma ba kowane kati ne ya iya zama mai masauki ba. Da yawansu baƙunta kawai suka iya, wato su hau Wi-Fi ɗin wani. A Linux, ka rubuta iw list ka duba jerin yanayin da katin ya iya. In babu AP a ciki, wato yanayin mai masauki, kuɗinka sun tafi. Misalin da kowa ya sani shi ne TP-Link TL-WN722N: fitowar farko tana ɗauke da cif ɗin Atheros AR9271 da Linux ke karɓa hannu bibbiyu, ta biyu da ta uku kuwa Realtek ne a ciki, suna ɗaya, kama ɗaya, hali daban. In za ka je Farm Centre ko Beirut Road nema, ka juya kwalin ka karanta lambar fitowa kafin ka biya. Kuma ko ka dace da na farkon, bai wuce na'ura bakwai zuwa takwas yake ɗauka lokaci guda ba, a kan 2.4 GHz kaɗai. Gida mai mutum goma, kowa da waya, wasu biyu-biyu, ga talabijin: lissafin ya rushe tun kafin a fara.

Da pfSense ko ɗan'uwansa OPNsense abin ya fi haka muni. Dukansu a kan tsarin FreeBSD aka gina su, ba Linux ba, kuma FreeBSD ta daɗe tana bayan Linux a direbobin Wi-Fi. Masu pfSense da kansu shawarar da suke bayarwa ita ce a yi amfani da akwatin Wi-Fi na daban. OpenWrt, da yake Linux ne kuma asalinsa daga rautar Linksys WRT54G ya fito a 2004, ya fi su sanin rediyo nesa ba kusa ba. In ka dage sai katin USB, to OpenWrt ne abokin tafiyarka, da kati mai cif ɗin MediaTek irin MT7612U.

Ƙaramar rauta ba ta da wannan ciwon kai ko kaɗan. Eriyarta da direbanta tare aka haife su, kuma kana iya rataye ta a tsakiyar gida, sama da kan mutum, inda sigina zai ratsa ɗakuna. Laftop kuwa tana kan teburinka a ƙuryar ɗaki, bayan bangon bulo biyu.

Kada ka ce za ka kauce ta Mobile Hotspot na Windows. Yana aiki, amma na'ura 8 ce iyakarsa, kuma ba zai gaya maka wa ya sha nawa ba, wanda shi ne asalin kukanka.

Sai wuta, wadda a wurinmu ita ce alƙali. Kwamfutar tebur tana jan kamar wat 60 ko fiye, tsohuwar laftop 15 zuwa 30, ƙaramar rauta 3 zuwa 6. Ɗauki batirin inbata mai 100Ah a kan bolt 12: a takarda awa-wat 1,200 ne, amma batirin ruwa ba a son a sha fiye da rabinsa, ka ce 600. Kwamfutar tebur za ta cinye wannan cikin awa 10. Laftop mai wat 20, awa 30. Rauta mai wat 5, awa 120, kwana biyar cur. Laftop tana da batirin kanta, gaskiya ne, amma tsohuwar laftop da ta kai a ajiye ta gefe, nawa batirinta ke riƙewa? Ga kuma zafin Afrilu da ƙurar hunturu, fanka na kuka dare da rana. Akwatin rauta ba shi da fanka balle ta toshe.

Dawowar wuta ma wani abu ne. Rauta na tashi da kanta cikin minti ɗaya ko biyu. Laftop sai wani ya danna maɓalli, tsarin ya hau, VM ta tashi, katin USB ya koma hannunta, in ya ga dama. Ana iya saita duk wannan ya faru da kansa, amma kowane mataki wuri ne da abu zai iya maƙalewa, kuma zai maƙale ne ranar da ba ka gari. Ni kaina na taɓa rufe murfin laftop da dare saboda haskenta ya dame ni, na manta ban hana ta barci ba. Da asuba na ga kira biyar daga mutanen gida, kowa na tambayar ko data ce ta ƙare.

Yanzu inda VM ke da bakin magana. Rautar kasuwa ta gama-gari, da manhajar da ta zo da ita, ba ta wuce canza kalmar sirri da toshe wata waya. pfSense ko OPNsense kuwa za su ba ka shafin shiga mai tikiti, ƙayyade gudu ga kowa, toshe talla ga gida gaba ɗaya, raba 'yan haya da iyali kowa da layinsa, da VPN. OpenWrt yana da nlbwmon da ke nuna abin da kowace na'ura ta sha, da SQM da ke hana mai sauke fim ɗaya shaƙe kiran WhatsApp na kowa. Kuma VM tana da abin da babu akwatin da ke da shi: kana ɗaukar hotonta, wato ka adana yanayinta gaba ɗaya, kafin ka taɓa saiti, in ka ɓata ka koma jiya cikin daƙiƙa kaɗan. Ga mai koyo, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Nauyinsu ma ya bambanta: OpenWrt na zaune lafiya a RAM 256 MB, pfSense na son 1 GB aƙalla, OPNsense ya fi su ci.

Wani abu da ya kamata ka sani kafin ka dogara da ƙirga ta na'ura: tun Android 10 da iOS 14 wayoyi suna ɓoye lambar MAC ɗinsu ta asali, wato lambar da rauta ke gane kowace na'ura da ita, su nuna ta aro. Yaron da ya gane wannan zai sauya saiti ya dawo a matsayin sabon baƙo, iyakar da ka sa masa ta tashi a banza. Shi ya sa suna da kalmar sirri ga kowane mutum suka fi toshe waya amfani. A pfSense tikitin na lokaci ne, mintuna kaza. In kana son ka ce gigabait 5 ga mutum, sai ka haɗa da FreeRADIUS, manhajar tantance masu shiga, wani sabon karatu. MikroTik kuwa, kamfanin rautar nan na Latbiya, hotspot ɗinsa yana da gurbin iyakar data ga kowane mai shiga tun daga gida. Ƙaramin akwatinsu hAP lite da cajar micro-USB mai bolt 5 yake aiki, har fawa-bank na riƙe shi. Ba shi da ƙarfi, ramukansa 100 Mbps ne, Wi-Fi ɗinsa 2.4 GHz, amma ga layin 4G na gida ba a nan zai ba ka kunya ba. Suna da manhajar rautarsu ta VM ma, CHR, sai dai na kyauta an ɗaure shi a 1 Mbps. Ya isa koyo, bai isa ciyar da gida ba.

Hanya ta uku ita ce a bar kowa da kiwon da ya karɓe shi: VM ta yi lissafi, tsohuwar rauta ta yi shela. Kana buƙatar ramin kebul biyu a laftop, ɗaya daga modem, ɗaya zuwa rautar. Na biyun adaftar USB zuwa Ethernet ta wadatar. A tsohuwar rautar ka kashe DHCP, wato mai raba adireshi, ka soka kebul a ramin LAN, ba WAN ba, ka zaɓi tasha 1, 6 ko 11. Abu biyu ke kayar da mutane a nan. Na farko, karon adireshi: pfSense da OpenWrt duk da 192.168.1.1 suke tashi, haka modem da yawa, har da rautar Starlink. In sun yi karo, komai zai nuna yana haɗe amma babu shafin da zai buɗe. Ka mayar da na VM zuwa 192.168.50.1 ka huta. Modem ɗin Huawei da ke kan 192.168.8.1 ba shi da wannan matsala. Na biyu, kada ka ɗauko intanet daga modem ta Wi-Fi ɗin laftop sannan ka yi wa VM gada a kansa. Wi-Fi ba ya son baƙo ɗaya ya zo da lambobin MAC biyu. VirtualBox yana da dabarar rufa-rufa, tana aiki yau, gobe ta ƙi. Kebul ya fi. Kuma ka kashe Wi-Fi ɗin modem ɗin kansa, in ba haka ba duk wanda ya riƙe tsohuwar kalmar sirri zai bi ta bayan gida.

Wannan hanya ta gyara maganar rediyo, ba ta gyara ta wuta ba. Tana da ma'ana ne ga wanda dama yake da kwamfuta a kunne awa 24, misali ƙaramar mini PC mai Intel N100 a kan Proxmox, manhajar ɗaukar VM, tana riƙe kyamarori ko fayiloli, ga sola a kai. Shi ƙara VM ɗaya bai ƙara masa komai ba.

Kai ba haka kake ba. Tsohuwar laftop ce da kai da wutar da ke zuwa in ta ga dama, kuma buƙatarka guda ce: sanin wa ke shan data da sa masa iyaka. Da ni ne, sai in sayi ƙaramin MikroTik, ko rautar da na tabbatar tana cikin jerin na'urorin da OpenWrt ke goyon baya, in haɗa ta da modem ta kebul, in ba kowa sunansa da rabonsa. Laftop ɗin in bar ta ɗakin gwaji: in ɗora CHR ko OpenWrt a VirtualBox, in ɓata in gyara har hannuna ya faɗa, sannan in kwashe saitin zuwa akwatin. Ka fara duba bayan modem ɗinka tukun. In MiFi ne na aljihu marar ramin kebul, faɗa min samfurinsa, don a lokacin sai mun nemi rauta mai USB da za ta karɓe shi, kuma hAP lite ba ta da shi, micro-USB ɗinta na wuta ne kawai.