Bishtaspa na Waƙoƙin Gata da Bishtaspa Mahaifin Dariyus: Mutum Ɗaya ne?

Wani ɗan'uwa ya tambaya ko Bishtaspa da Zaradashtu, annabin tsohon addinin Iran, ke ambata a waƙoƙinsa na Gata shi ne mahaifin Dariyus sarkin Farisa, tunda suna ɗaya ne. Malam, mafi rinjayen masana a yau suna ganin mutum biyu ne, kuma hujjarsu ta fi ƙarfi. Bari mu jera su kafaɗa da kafaɗa. Idan za ka bincika, a boko da V ake rubuta sunan: Vishtaspa.

Mu fara da inda kowanne ya fito. Gata waƙoƙi 17 ne, suna cikin Yasna, sashe mai babi 72 na Abesta, littafi mai tsarki na mabiya Zaradashtu, a babi na 28 zuwa 34, da 43 zuwa 51, sai 53. A nan aka ambaci Bishtaspa na farko sau huɗu: 28.7 (wato babi na 28, baiti na 7), 46.14, 51.16 da 53.2. Na biyun kuwa a jikin dutse muka san shi, a rubutun Behistun kusa da Kermanshah ta Iran, wanda Dariyus ya sa aka sassaƙa da harsuna uku bayan ya hau mulki a 522 kafin Miladiyya. Girkawa suna kiransa Histaspes.

Sai muƙami. Na Gata ana ce masa kawi, wato shugaba ko ubangidan da mai waƙa ke fakewa a inuwarsa. Abin lura shi ne, sauran kawi da ke cikin Gata abokan gaba ne, ana haɗa su da limaman da ake kira karapan a zage su tare. A 51.12 ma akwai wani kawi da ya hana Zaradashtu masauki cikin hunturu, dabbobinsa biyu suna rawar ɗari. Bishtaspa ne ya fita zakka: a 46.14 an tambayi Zaradashtu wane ne amininsa, amsa ta zo cewa Kawi Bishtaspa. Shi kuwa na Behistun ba a kira shi sarki ba. Yana ƙasar Partiya lokacin da ta yi tawaye a 521, ya yi yaƙi biyu, kuma sai da ɗansa ya aiko masa da ƙarin dakaru daga Raga kafin ya gama da 'yan tawayen.

Nasaba ce ta fi raba gardama. Dariyus ya lissafo kakanninsa da bakinsa: mahaifinsa Bishtaspa, ɗan Arshama, ɗan Ariyaramna, ɗan Chishpish, ɗan Hakhamanish. Gata ba ta faɗi uban Kawi Bishtaspa ba sam. Sassan Abesta na baya, wato Yasht, su ne suka ce ubansa Aurwat-aspa ne, matarsa Hutaosa, abokin gabarsa Arjat-aspa. Babu suna ko ɗaya da ya haɗu a jerin iyayen biyu. Haka kuma babu Dariyus cikin 'ya'yan Kawi Bishtaspa. Ɗansa da ya shahara shi ne Spantodata, wato Isfandiyar na Shahnama, littafin waƙar sarakunan Iran.

Dubi kuma mutanen da ke kewaye da su, domin nan ne Gata ta fi daɗin karatu. Kusa da Kawi Bishtaspa akwai Frashaoshtra da Jamaspa, dukansu 'yan gidan Hwogwa, ana jero su a baitoci masu bin juna (46.16–17 da 51.17–18). Akwai Maidyoimangha na dangin Spitama, dangin Zaradashtu kansa (51.19). Akwai Pouruchista, wadda 53.3 ta kira autar 'ya'yan Zaradashtu mata. Akwai zuriyar Friyana, mutumin al'ummar Tura (46.12). Cikin maƙiya akwai Bendwa (49.1–2). Duniyarsu ta makiyaya ce: a 46.2 Zaradashtu yana kukan ƙarancin shanu da ƙarancin mutane, a 44.18 kuma ladan da yake jira goɗiya 10 ne da ingarma da raƙumi. Ba a ambaci Farisawa ko Midiyawa ko Babila ba. A nasa ɓangaren, Dariyus ya yawaita kiran Ahuramazda a rubuce-rubucensa, amma bai taɓa ambaton Zaradashtu ba. Da a ce a gidan ubansa annabin ya sami mafaka, da wuya mai neman halatta mulkinsa ya yi shiru da wannan.

To daga ina ruɗanin ya taso? Daga wurare uku. Na farko, marubucin Rum Ammiyanus, a ƙarni na 4 Miladiyya, ya haɗa su wuri ɗaya, ko da yake Agatiyas a ƙarni na 6 ya nuna shakka. Na biyu, lissafin gargajiya da Al-Biruni ya ruwaito, cewa Zaradashtu ya bayyana shekara 258 kafin Iskandar sarkin Girkawa, wanda ke kai mu ƙarni na 6 kafin Miladiyya, dab da zamanin mahaifin Dariyus. Na uku, matar Dariyus Atossa, wadda sunanta ya yi daidai da Hutaosa. Amma ita matar ɗan ce, ba ta uban ba, kuma maimaita sunan magabata ba baƙon abu ba ne a gidan sarauta. Game da lissafin, harshen Gata ya tsufa ƙwarai, ɗan'uwan harshen Rigbeda na Indiya ne na kusa, shi ya sa masana da dama ke kai zamanin Zaradashtu wajen shekara 1000 kafin Miladiyya ko kafin nan.

Idan ka ci karo da wani labari kan waɗannan mutane, nemi lambar babi. In ba ta faɗo cikin babin da aka lissafa a sama ba, ba Gata ba ce. Labarin cewa Zaradashtu ya warkar da baƙin dokin Bishtaspa na littattafan baya ne. Haka cewa Jamaspa ne angon Pouruchista: al'ada ce ta faɗa, babi na 53 bai ambaci sunan angon ba.