Sayen kayan lefe ta WhatsApp: yadda muka kwashe da wata mai atamfa ta Kano

Tun da aka gama bikin ƙanina mutane ke ta tambayata wai a ina muka haɗo lefe, musamman atamfofin, to bari kawai in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta da maimaita zance. Ba zan kama sunan mai atamfar ba, ba zan sa lambarta ba tunda ban nemi izininta ba, kuma wallahi ba biyana aka yi in yi talla ba, ita kanta bata san ina wannan rubutun ba. Matar aure ce a Kano, daga cikin gidanta take sana'a, tana sarowa a Kantin Kwari tana sakawa a sitatus ɗin WhatsApp da kuma Instagram, ni kuma ina Kaduna, har yau ɗin nan bamu taɓa haɗuwa ido da ido ba.

Amma sai na fara da abin da ya same ni a baya, in ba haka ba ba za ku gane me yasa ɗan ƙaramin abu ya burge ni ba. Farkon 2023 ne, lokacin nan na wahalar kuɗi da aka sauya takardun naira 200 da 500 da 1000, kowa ya koma tiransifa ko yana so ko baya so, ni da ban saba sayen kaya ta waya ba sai na ce tunda dai ba kuɗin hannu bari in gwada. Naga wani feji a Instagram, mabiya rututu, hotuna kamar a wani shago na Dubai, wani leshi ruwan zuma yana ta sheƙi, ga sikirinshot na kwastomomi kowa na cewa kaya sun yi kyau Allah ya ƙara kasuwa. Na tura kuɗi. Abin da ya iso hannuna bayan kwana 9 launinsa kamar ruwan wankin shinkafa, duwatsun jikinsa tun a leda suka fara zubewa, da na kai wa tela ya auna yace Hajiya wannan ai bai cika yadi 5 ba. Nayi mata magana tace wai hasken wayata ne ya nuna min shi daban, na ƙara magana sai naga hotonta ya ɓace, ashe an yi min bulokin. Daga baya ne 'yar yayana ta nuna min cewa in ka danna ɗigo ukun nan na saman feji a Instagram akwai inda yake nuna lokacin da aka buɗe shi da ko an taɓa canza masa suna, muka duba na matar nan, sunan ya sha canji. Toh, an ce in maciji ya sari mutum ko tsumma ya gani sai ya gudu, haka na zama.

Shi yasa da maganar lefe ta taso matar yayana tace ga wata da take saye a wajenta, nace mata ni dai a kai kasuwa, gara in hau mota in je Kwari da ƙafata. Sai dai lokacin ina da goyo, ga aiki, ga Umma ta ɗora min komai a kai wai ni ce babbar mace. Na karɓi lambar dai ba don raina ya so ba.

Abin da na fara gani a sitatus ɗinta ma sai ya bani dariya. Ba wani ado, atamfa ce shimfiɗe a kan tabarma a tsakar gida, can baya ga igiyar shanya da kayan yara, ga buta a gefe. Bidiyo take yi ba hoto ba, hannunta kawai ake gani da lallen da ya fara goge, tana ɗaga atamfar tana juya ta gaba da baya a cikin rana, sannan ta shiga inuwa da ita tace ga kalarta a inuwa, ga kalarta a rana, ku duba da kyau kar a zo a ce ba ita ba ce. Wani zakara na ta cara a bayanta, wani yaro ya zo yana Mama Mama tace masa jeka ina zuwa, bata ma yanke wajen ba haka ta saka. A raina nace wannan ko dai bata iya talla ba ko kuma bata da abin ɓoyewa.

Na zaɓi wata mai ruwan ganye da zanen tsuntsaye na tambaye ta Holan ce? Don kuɗin da ta sa ya min sauƙi da yawa. Sai ga saƙon murya. Tace Anti gaskiya ba Holan ba ce, kwafi ce 'yar Chana, zanen ne iri ɗaya har takardar jikin sun kwaikwaya, tana da kyau ta sawa a gida ko anko, amma in ta lefe ce kina so dangin amarya su ɗaga su ga Holan to kar ki ɗauke ta, mata sun san kaya, kar a zo a ji kunya a ce daga wajena ne. Na saurari saƙon nan sau biyu. Ni da na shirya tura kuɗi, da tace min eh Holan ce ai shikenan ta ci riba ninki, ni kuma sai ranar kai lefe wata gwaggo ta murza gefen zani ta taɓe baki sannan in gane.

Daga nan ta ɗauko ta ainihin ta ajiye su gefe da gefe tayi min bidiyo. Ita Holan ɗin da muke faɗa kamfanin Vlisco ne ke yinta a wani gari Helmond a ƙasar Holan, tun 1846 kamfanin yake, shi yasa sunan ya bi ta, kuma shi yasa ake ta kwaikwayonta. Ta nuna min gefen zanin inda ake buga suna da lambar zane, ta nuna yadda ta ainihin ciki da waje rininta ya kama sosai, ita kuwa ɗayar in ka juya bayanta sai kaga ya ɗan kwanta, ta murza su kusa da waya wai in ji bambancin ƙararsu, wannan kam ban ji komai ba sai kukan zakaran. Haka ta yi min da shadda, tace wannan gezna ce ta Ostiriya wannan kuma mai bi mata ce, ta faɗi kuɗin kowacce tace ki duba aljihunki, ba dole sai duka akwatin ya zama mai tsada ba, a sa manya guda kaɗan a sama sauran a cike da masu matsakaicin kuɗi, haka kowa ke yi. Wannan shawarar ita ta cece mu don kuɗin da ƙanin nawa ya tara ba wani yawa ne da su ba, ma'aikaci ne mai jiran albashi.

Abu biyu take yi da ban taɓa ganin wata mai kaya ta yi ba. Kafin ta ɗaure kaya sai ta sa tef ta auna a bidiyo, turmin atamfa yadi 6, leshi yadi 5, kina kallo tana ƙirgawa. Sannan in kika tambaya ko atamfa na zuba, in tana da ƙyallenta sai ta jiƙa shi a roba da ɗan omo ta matse ta nuna miki ruwan. Akwai wata ja da na ƙwallafa rai a kanta, ta jiƙa, ruwan ya koma kamar zoɓo, ita da kanta ta kwashe da dariya tace Anti wannan kam sai dai a wanke ta ita kaɗai, kina so a haka ko a canza. Na ɗauka a haka don ina sonta, amma da sanina na ɗauka, ban kuma sa ta a lefe ba ni na ɗinka abata.

Ba wai komai ya tafi daidai ba fa. Kayan sun zo kashi biyu, ta kai tashar Unguwa Uku ta ba direba, ta turo min hoton jakar bakko da sunana a jiki da lambar motar da ta direban, ni kuma na je Kawo na karɓa. Kashi na biyu da muka warware wata shadda fara sai ga wani layi rawaya-rawaya a daidai ninkin, irin na kayan da suka daɗe a ajiye. Gabana ya faɗi, nace shikenan an kuma. Na ɗauki hoto na tura mata ina jiran in ji wai hasken wayata ne. Tace innalillahi, Anti laifina ne, ban warware ta duka ba gefe kawai na duba, ki ba direba ya dawo da ita kuɗin mota a kaina. Kwana 3 wata ta iso. Abin da ya fi bani mamaki da daddare sai naga ta saka hoton tabon a sitatus, ba tare da sunana ba, tana cewa yau na tura wa wata baiwar Allah shadda mai tabo ban lura ba, daga yanzu duk farar shadda sai na warware ta gaba ɗaya a bidiyo kafin in ɗaure.

Na nuna wa Abban yara, shi da baya yarda da komai na waya, yace ke dai, ai wannan ma dabarar kasuwa ce, ta san in ta nuna haka za ku ƙara sakin jiki da ita. Nace ko da dabarar ce ai dabara ce da ta ci mata kuɗin mota zuwa da dawowa, ga shaddar ta zauna mata, ita waccan ta farkon me dabararta ta ci mata in ba data ba. Umma kuwa da ta ji labarin sai ta kawo hadisin nan da Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, ya sa hannu cikin tulin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya tambaye shi me ya hana ya sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, yace wanda ya yi algus ba ya tare da mu. Tace to filtar nan taku ta waya meye bambancinta da ɓoye jiƙaƙƙen a ƙasa. Umma bata san yadda ake sa filta ba amma ta san aikinta.

Yanzu bari in faɗi inda take ban haushi, don in na ɓoye nima na yi algus ɗin. Bata amsa saƙo da wuri, ko kaɗan. Sai ki yi magana da safe sai bayan la'asar ki ji ta, wani lokacin har washegari, ita kaɗai ce ba mai taya ta, ga yara ga girki ga zuwa kasuwa, na gane, amma mai haɗa lefe da ranar biki a gabanta ba ta da wannan haƙurin, sau biyu sai da na kira ta a waya. Sannan sitatus ɗin nata yawa ne da shi, layin saman nan sai ya koma kamar ɗinkin keke, duk bidiyo, data ta ƙare miki kafin ki kai ƙarshe, kuma tunda bayan awa 24 yake ɓacewa in kika ga abu jiya baki yi sikirinshot ba sai ki yi ta kwatance, mai ruwan ƙasa ɗin nan mai fulawa, ita ma ta rasa wacce kike nufi. Instagram ɗin kuma ba ta goge waɗanda suka ƙare, sai ki zaɓa ranki ya kwanta a kai tace ai wannan tun watan jiya ta ƙare.

Kuɗinta ma ya ɗan ɗara na wasu, mun gwada da wata ƙawata da ta je Kwari da kanta, akwai ɗan bambanci a kowane turmi, ba mai yawa ba amma in aka tara na akwati guda sai ya zama wani abu. Ga kuɗin mota da ya tashi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuma mai saye ke biya. Ba ta mayar da kuɗi, canji kawai take yi, wannan ta faɗa min tun farko. Ranar da zan fara tura kuɗi kuma sai naga sunan namiji ya fito a asusun, na tsaya cak nace Hajiya wannan fa, tace na maigidanta ne nata ya samu matsala, da bata riga ta gaya min ba sai da na tambaya, kuma ga wadda aka taɓa cuta irina wannan kaɗai ya isa ta fasa. Daga baya dai ta koma amfani da mai sunanta. Sai kuma ranar da na yaba mata kaya ta ɗauki sikirinshot ɗin hirarmu ta saka, lambata na nan ɓaro-ɓaro a sama, nayi mata magana ta cire nan take ta bada haƙuri, amma ya kamata a ce ta tambaye ni tukun.

Na lura yanzu masu kaya da yawa sun fara rubuta ba filta a ƙasan hotunansu, wasu har da rantsuwa, alhali kana gani ka san hoton ma ba su suka ɗauka ba, na wani ne suka kwafo, hoto ɗaya sai ki gan shi a feji biyar. Ni yanzu in zan gwada sabuwar mai kaya abu ɗaya nake cewa, ɗauko kayan ki fita tsakar gida ki min bidiyo yanzu ki ambaci sunana a ciki. Wadda kayan ke hannunta minti biyar ya ishe ta, wadda kuma sai kin tura kuɗi za ta je nemowa sai ta fara kawo uzuri, wai ba wuta, wai kayan na sito.

Lefe dai an kai lafiya, gwaggonnin amarya sun ɗaɗɗaga sun murza gefe kamar yadda na zata, ba wadda ta ce uffan, har tukwici mai kauri suka bayar. Ni kuma na sake yin odar mayafai guda 2 da atamfar Umma ta sallah a wajenta, na tura mata saƙo tun jiya da azahar ina tambayar ko mai ruwan toka ɗin nan tana nan, ga shi yanzu har an yi isha'i ta buɗe bata amsa ba, sai dai naga ta saka sabon bidiyo zakaran nan na ta cara.