Kamantawa ko Siffantawa: Yadda Ake Rarrabe Su a Gajeren Labari

Dukansu adon harshe ne, kuma nan ɗalibai suka fi yin tuntuɓe. Kamantawa tana da kalmar da ke tona ta: kamar, tamkar, awa. "Zuciyarsa kamar dutse." Amma ba kullum daidaito take nunawa ba. Akwai kamancen fifiko, "ya fi zaki zafin rai", akwai na kasawa, "haskenta bai kai na wata ba". Mai nazarin da ke farautar "kamar" kaɗai zai wuce waɗannan biyun bai gan su ba.

Siffantawa kuwa ba ta neman tsani, wato kalma irin su "kamar". Kai tsaye take cewa "zuciyarsa dutse ce". Ta fi nauyi.

Gwajin mai sauƙi ne: saka "kamar" cikin jimlar. In ma'ana ta zauna amma zafinta ya ragu, siffantawa ce. Daga nan kada ka tsaya ga ba ta suna. Duba wane hali na tauraron labari ta fito da shi, da yadda ta ƙarfafa jigo.