Maɗaurin dogo na Massoth: shekara biyu a lambu, cikin ruwa da ƙanƙara

Ƙaramin layin dogon da na shimfiɗa a bayan gidanmu a nan Jamus bai wuce mita 30 ba, kuma irin wanda ake kira ma'aunin G ne, wato wanda tazarar da ke tsakanin ƙarafansa biyu milimita 45 ce. Kamfanin Lehmann na birnin Nurembag ne ya fito da wannan nau'i a 1968 da sunan LGB, don a samu jirgin ƙasa na wasa wanda zai jure zama a waje, kuma tun 2007 sunan ya koma hannun kamfanin Märklin. Ƙarafan dogon nawa na hannu ne, na kamfanoni daban-daban, na tattaro su sannu a hankali. A ta cikinsu wutar ke bi ta shiga ƙafafun kan jirgi, saboda haka dogon shi ne hanya, shi ne kuma waya.

Bayan hunturun farko jirgin ya fara wata ɗabi'a: yana tashi da ƙarfinsa kusa da taransfoma, amma da ya kai kwanar da ke ƙarƙashin itacen tuffa sai ya yi sanyi, fitilarsa ta riƙa ƙyaftawa, wani lokaci ya tsaya cak. Da farko na ɗauka taransfomar ce ta gaza, har na fara duba farashin babba. Da na ɗora mitar gwada wuta a kan dogon yayin da jirgin ke tafiya, sai na ga ƙarfin wutar yana raguwa ne a mahaɗa, ɗaya bayan ɗaya. Tagullar da aka yi dogon da ita tana da kauri, wuta ba ta wahala a jikinta. Inda take wahala shi ne wurin da guntu ya haɗu da guntu, domin 'yar kwasfar da ake zurawa ta riƙe su tana saki idan zafi da sanyi sun yi ta miƙar da ƙarfe suna tsuke shi, ƙasa da danshi kuma su shiga tsakani. Tagulla mai tsawon mita 10 tana ƙaruwa da kusan milimita 8 idan zafi ya hau da digiri 40, kuma a layi irin nawa mahaɗan sun haura 100.

Abin da na saya a maimakon taransfoma shi ne maɗaurin dogo na kamfanin Massoth, wanda ke jihar Hessen. Ɗan guntun tagulla ne da ke shiga ƙarƙashin ƙarfen dogo, ya kama gindinsa ta gefe ɗaya, noti biyu kuma su danne ɗaya gefen. Abin da ya fi burge ni shi ne ta sama ake ɗaure notin, don haka mutum yana durƙushe da sukudireba zai gama aikinsa ba tare da ya tone tsakuwar da ke gefen layi ba. Kafin in ɗaure kowanne, nakan goge gindin ƙarfen har sai ya yi ƙyalli, in shafa masa ɗan man da ke hana danshi shiga. Yau hunturu biyu ke nan, kuma ban sake taɓa ko ɗaya daga cikin mahaɗan da na ɗaure ba. Jirgin yana ratsa kwanar itacen tuffa da saurin da ya taso da shi.

Wani amfanin da ban yi tsammani ba shi ne wajen shigar da wuta. Liƙa waya da dalma a jikin dogo mai kauri irin wannan aiki ne mai wuya, domin ƙarfen yana shanye zafi, kafin dalmar ta kama sai robar da ke riƙe da shi ta fara narkewa. Da wannan maɗauri kuwa, sai a sa wa wayar kai mai zobe a cusa shi ƙarƙashin noti, shi ke nan. Ta haka na shigar da wuta a wurare huɗu, daga babbar waya guda da na binne cikin bututun roba a gefen layin. A nan ma kada a yi tsumulmula: idan nisan mita 15 ne, zuwa da dawowa mita 30 ke nan, kuma jirgin da ke jan amfiya 3 zai yi asarar kusan bolt 3 a siririyar waya mai kaurin murabba'in milimita 0.5, alhali a mai kaurin murabba'in milimita 2.5 asarar ba ta kai bolt 1 ba.

Sai dai mai saye ya shirya wa abu biyu. Na farko kuɗi, domin kowace mahaɗa tana cin maɗauri biyu, kuma idan aka lissafa na layi gaba ɗaya adadin ba ƙarami ba ne. Ni da kwanoni da wuraren sauya hanya na fara, sauran kuma na bi su a hankali. Na biyu haƙuri, saboda sai an cire tsofaffin kwasfofin da filaya tukuna, kuma notin ƙanana ne ƙwarai, wanda ya faɗa cikin tsakuwa da wuya a sake ganinsa. Nakan shimfiɗa tsumma a ƙarƙashin inda nake aiki. A dogayen miƙaƙƙun wurare kuma nakan bar 'yar tazara tsakanin ƙarafa idan da sanyi na ɗaure su, don su sami wurin miƙewa da bazara.

Maɗaurin ba ya ɗauke wa mutum goge saman dogo, wanda ganye da kashin tsuntsaye ke ɓatawa. Ba ya kuma canza ƙa'idar da ba a wasa da ita: taransfoma da duk abin da ke ɗauke da bolt 230 suna zama ne a cikin ɗaki, a kan soket mai na'urar katse wuta idan ta yi yoyo, ƙaramar wutar da ba ta wuce bolt 24 ba ita kaɗai ke fita lambu inda yara ke tsugunawa suna kallo.