Takardar ma'aikacin lantarki a Kalifoniya: babba ko ta gidaje?

A jihar Kalifoniya ta Amurka, iya haɗa waya kaɗai ba ya ba mutum damar aiki da ɗan kwangila mai lasisin C-10 (lasisin kwangilar aikin lantarki), sai da takardar shaidar gwamnati. Ga iri biyu daga cikin takardun: ta gidaje da babba.

Ta gidajen zama tana buƙatar awa 4,800 na aiki, wajen shekara biyu da rabi ke nan. Ta fi saurin samu, amma tana da iyaka: ranar da ubangidanka ya samu kwangilar masana'anta, sai dai ka yi kallo.

Babbar kuwa, wato ta aikin lantarki gabaɗaya, awa 8,000 ce, shekara huɗu cur kafin ma ka zauna jarrabawa. Ni dai ita zan zaɓa, domin mai riƙe da ita yana shiga gida, ya shiga kanti, ya shiga masana'anta.

Wajen sabuntawa duk kanwar ja ce: kowace shekara uku, da awa 32 na ƙarin karatu da awa 2,000 na aiki. Shi kuwa mai koyo (a nan mutane ke yawan sakaci), dole ya yi rajista, ya kasance a makarantar da aka amince da ita, ya kuma sabunta katinsa duk shekara.