Motar masu naƙuda a ƙauyenmu: ta cece mu, amma da saura

Duk mai kushe direbobin nan da aka ware don kai masu naƙuda asibiti, kada ya yi a gabana. Ƙanwata naƙuda ta zo mata da jijjiga cikin dare, tsakiyar damina. Ungozoma na ganinta ta ce wannan ba na gida ba ne, a nufi Jahun. Na kira lambar da aka rubuta a zauren mai unguwa, bugu ɗaya bawan Allahn nan ya ɗauka. Ya ce, "Malam, ku kwantar da ita ta gefen hagu, kada ku ɗura mata komai, ga ni nan."

Ya zo da tsohuwar Golf ɗinsa, da jarkar mai a but wadda ya ce don irin wannan dare yake ajiye ta. Inda ruwa ya cinye hanya sai da ya fita, ya naɗe wando, ya auna zurfin da ƙafarsa, sannan ya tsallaka da mu a hankali. A babban asibitin Jahun, inda likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, ke kula da masu haihuwa tun 2008, aka karɓe ta nan take, uwa da ɗa duk suka rayu. Kuɗin mai kawai ya karɓa. Na ƙara masa na goro, ya ce in saya wa mai jego sabulu. Allah ya saka masa.

To amma ranar sallama ce ta ɓata min rai. Tsarin bai san da komowa ba. Tasha muka je, mutum biyu a gaba, huɗu a baya, ga buhunan taki, mace da ɗanyen ɗinki ana ce mata ta matsa. Shata kuwa, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ta fi ƙarfin talaka.

Kuma ita jijjigar nan, ai da tana zuwa awo da tuni an ga hawan jinin. Da me za ta je? Mota ba ta shigo mana sai ranar kasuwa, sauran ranaku sai acaɓa, wa zai ɗora mai ciki wata 8 a kan babur cikin wannan yashi? Direban ma shi kaɗai ne, in ya yi lodin kasuwar Gujungu shi ke nan, sai amalanke. A ba mu mota ko ta ranar awo ce kawai, mu za mu haɗa kuɗin man.